Ashanar Sarkin Pawa

Duba-gari ya ɗaga huhun saniyata, ya nuna ƙurajen da suka cika shi. "Tarin fuka ne. Sai ƙonawa."

Na durƙusa cikin jinin mayanka. Gonata ta Rimaye na jinginar na sayo saniyar nan, ga matata da tsohon ciki.

"Ranka ya daɗe, ka yi mani rai. A yar da huhun, tsokar lafiya lau take!"

Duba-gari ya dubi Sarkin Pawa. Tun bara hukuma da mahauta suka ƙulla yarjejeniya: ma'aikaci ya duba, sarki ya ƙona da hannunsa, ko saniyar wa ce. Sarkin ne ya nace a yi haka, don ya gaji da ganin ana ƙyale masu uwa a gindin murhu.

Sarkin Pawa ya tuttula wa naman kananzir. Ya ƙyasta ashana, ta mutu. Ya sake ƙyastawa, ta suɓuce daga hannunsa, ta faɗa cikin jini.

Hannun nan ne ya koya mani riƙon wuƙa.

Na miƙe, hawaye na zuba. "Baba, kawo ashanar."