Dillalin da Ya Ƙi Karɓar Mota

Ɗan nan, tunda ka ce Alhajin naka ya ba ka shadda da kuɗin cefane a maimakon la'adarka, har kana washe baki, to zauna in ba ka misali.

An yi wasu dillalan filaye su biyu, a wani gari da aka gano man fetur kwance ƙarƙashin gonakinsa. Akwai wani attajiri mai wani fako can bayan gari, ko ƙaya ba ta fitowa da kirki a cikinsa. Su biyun nan suka sha rana suna kai da komo tsakaninsa da mutanen kamfanin haƙar mai. Suka taka iyaka da ƙafa, suka ja ciniki, ana tayawa suna cewa albarka, har kuɗi ya kai inda mai wurin bai taɓa mafarki ba. Tun farko kuwa an yanke la'adarsu, an tafa, an shafa fatiha. Kuɗi na shiga hannu, sai attajiri ya ce shi bai san da wata la'ada ba, ai kamfani da ƙafarsa ya zo. Amma don kada a ce ba shi da kirki, ya tara jama'a a ƙofar gidansa, ya miƙa wa kowannensu makullin mota, wai kyauta. Tsakani da Allah, motar ta fi la'adar tsada. Na farko ya durƙusa ya karɓa yana ta zuba godiya, ya ce ya yafe la'adar. Na biyu ya mai da hannu baya, ya ce, “Alhaji, ban zo maula ba. Gumina za ka ba ni.”

Gari ya ɗauka cewa ya zautu. Shi dai ya kai ƙara. Aka yi ta ɗage shari'a, damina ta zo ta wuce, ya sayar da awakinsa, takalminsa ya cinye a hanyar kotu, abokin nasa na wuce shi a mota yana danna masa hon. To amma ka san igiyar da ke bin kyautar mai kuɗi. Abokin ya koma ɗan aike, yau a ɗauko baƙi a tasha, gobe a kai buhunan shinkafa ƙauye. Ran da ya ce yana da uzuri, aka turo direba ya karɓe makulli, don da ma ba a taɓa mallaka masa ita ba. Wa zai kai wa ƙara? Da bakinsa ya ce ya yafe la'ada a gaban mutane.

Shi kuwa mai ƙara, shaidunsa duk suka noƙe don tsoron attajiri. Sai alƙali ya ce wa attajiri ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, ya rantse ba a yi alkawari ba. Ya yi alwalar, ya matso, ya miƙa hannu, hannu ya ƙi sauka. A zaman nan ya biya, ko sisi bai rage ba. Dillali ya karɓa a tsaye, bai ce na gode ba, don ba a durƙusa wa mutum saboda ya mayar maka da naka. Daga ranar, duk mai gonar da kamfani ya nema a garin, sai ya ware la'ada gefe kafin ya taɓa kuɗinsa.

Namiji ke nan. Ka tashi ka mayar da shaddar nan, ka ce a ba ka haƙƙinka. Ba banza ba aka ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.