Mai Koren Mayafi a Layin Likita

Aikin Auta bai wuce ta zauna a lungun zauren asibiti da agogo a hannu ba. Mara lafiya ya karɓi kati, ta duba lokaci. Ya shiga ɗakin likita, ta sake dubawa. Binciken kammala digirinta ke nan a fannin tafiyar da asibitoci: tsawon jiran da mutum ke yi kafin a gan shi. Malamin da ke duba aikin ya kafa mata doka ɗaya, ido kawai. Ba magana da marasa lafiya, ba matsawa kusa da su, don kada su san ana kallonsu su canja hali.

A gida kuwa Mama ta kasa gane wannan karatu.

"Wane irin karatu ne ba aji ba allo, sai asibiti kullum? Fito da harshenki in gani."

"Mama, wallahi aikin makaranta ne."

Mama ba ta yarda ba. Haka marigayi baban Auta ya riƙa cewa aiki ke kai shi asibiti, har ranar da aka aiko a kira ta.

Ana haka wata mata ta fara zuwa zauren. Koren mayafi har goshi, takunkumi a fuska, ga wani baƙin tabarau irin na waɗanda aka yi wa aikin ido. Auta na zama, ba da jimawa ba za ta shigo, ta karɓi kati, ta nemi bayan ginshiƙi ta zauna. In layi ya zo kanta, sai ta ɗaga hannu ta nuna na bayanta ya shiga. Har a tashi ba ta ga likita ba. Washegari ta dawo.

Da malamin ya ji labari, sai da ya miƙe tsaye don murna. Ya ce wannan mata ita ce binciken gaba ɗaya. Amma fa jira sai da ƙarshe ake auna shi. Muddin ba ta shiga ɗakin likita ba, lissafi bai rufe ba, shi kuma ba zai sa hannu a kan aikin da bai rufe ba. In lokacin miƙawa ya wuce, sai baɗi.

Auta ta ƙara sammako. Matar ma ta ƙara. Auta ta daina fita cin abincin rana. Matar ma ko motsi.

Magana ta kai kunnen shugaban asibiti, hankalinsa ya tashi. Ɗaliba na rubuta cewa a asibitinsa mace ta yi makonni a layi! Aka kafa kwamiti. Kwamiti ya ƙara tagar ba da kati. Aka sayo lasifika, aka ɗauko sabon likita, aka yi wa bencuna shuɗin fenti. Layi ya koma gudu kamar ruwan famfo, har mai ciwon kai ba ya samun damar zama. Wani tsoho ya yi ƙorafin an sallame shi bai gama gaisawa da likita ba. Amma mai koren mayafi na nan bayan ginshiƙi. Nas ta lallaɓa ta, ta kawo keken marasa lafiya, har da shayi. Ta karɓi shayin, ta girgiza kai.

Auta ta fara ramewa. Kullum ta dawo da yamma sai ta tarar Mama yanzu take ɗora tukunya, tana haki, tana kukan baya da gwiwa.

"Ke dai ki gaya mini gaskiya," in ji Mama, tana taɓa mata wuya. "Dubi idonki. Ni ba yarinya ba ce."

"Wata baiwar Allah ce za ta kashe ni, Mama. Ta ƙi shiga wurin likita."

"Ai masu taurin kai sun yi yawa a asibitin nan," Mama ta ce, tana kankare wani shuɗin fenti a gefen zaninta. Ta kan katanga maƙwabciya ta ɗaga murya tana tambaya ko an gama da aron kayanta. Aka ce ta ƙara haƙuri.

Ranar ƙarshe ta miƙa aiki ta zo. Auta na lungunta, agogo a hannunta. Matar na bayan ginshiƙi. Can sai sabon likitan ya leƙo, ya yafito Auta. Shugaba ne ya sa shi ya roƙe ta, ko za ta taimaka ta cire matar daga rubutunta, kowa ya huta. Auta ta tashi ta bi shi. Tunda ta fara zuwa asibitin, yau ne ta fara taka ɗakin likita. Aka rufe ƙofa.

Sai ga mai koren mayafi ta miƙe zumbur.

Zauren ya ɗauki sowa. Mai ba da kati ya fito yana tafi, nas ta shiga gaba tana buɗe hanya, wani ya ruga kiran shugaba. Matar ba ta kalli kowa ba. Ta banke ƙofa ta faɗa ciki. Auta ta duba agogo da sauri, hawayen daɗi na zubo mata, yau dai lissafi ya rufe.

Matar ta fizge takunkumi, ta cire tabarau, ta dafa teburin likita da hannu biyu.

"Na san za a rina. Likita, kada ka ɓoye mini komai, ni na haife ta."