Mai Lambu da Gansakukar Kududdufi

Kai da kake yawo da ni a gari, wai ba ni da tsayayyen ra'ayi, yau nan gobe can, zauna ka ji misali. Kyauta zan ba ka, ko da yake irin kaina ba a samunsa a kasuwa.

Wani mai lambu ne ya yafa irin tattasai a fadama. Ɗan abin da ya rage masa ke nan na bara. In ya lalace, babu dashe bana. Mutum ne mara zama wuri guda, kafin hantsi ya leƙa irin nan sau goma. Ya yi masa rumfar ciyawa mai kauri, ya rantse shi magana ɗaya gare shi, ba mai taɓa rumfar sai ranar dashe. A kududdufin da yake ɗibar ruwa kuwa akwai gansakuka, taron wasu mitsi-mitsin halittu da hasken rana ne tuwonsu. Da safe, ko ranar da hadari ya rufe, sai ta taso sama ta baje, ta yi kore shar, tana kalen ɗan hasken da ya samu. Da rana ta take tsaka sai ta koɗe, ta yi ƙasa ta lafe. Duk zuwa sai ya ja tsaki ya ce, "Munafuka, launi biyu a wuni ɗaya."

Iri ya tsiro a inuwa, ya zuba tsawo, kara siriri kamar zare. Tsohuwar da ke lambu kusa da shi ta ce, "Ɗan nan, riƙa zare ciyawar kaɗan-kaɗan su saba da rana." Ya ce shi ba gansakuka ba ne. Ranar dashe ya yaye rumfar gaba ɗaya. Kafin azahar ganye ya kwanta kamar an sheƙa masa tafasasshen ruwa. Ya yi ta safa da marwa da guga, ya zuba, ya koma, ya zuba, ko ɗaya bai ɗago kai ba. A zuwan ƙarshe ya tsaya bakin kududdufi yana haki, guga a hannu. Rana ta yi sanyi, ga munafukar can tana tasowa a hankali, koriya shar, ko ƙwarzane babu.

To, ci gaba da yi da ni, na yafe maka. Hausawa dai sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.