Kwat Mai Kauri a Zafin Dar es Salaam

Rana na dukan tsakar ka, amma Kibwana na tafe cikin doguwar kwat ruwan ƙasa, gumi har cikin takalmi. Ko a jikinsa. Matarsa Zuhura ce ta saya masa.

Shekara goma sha takwas da aurensu, biyar ɗin ƙarshe ko kallon arziki ba ya samu. Tun da ta faɗa wa finafinan Koriya gidan ya koma kanti: man fuska kala bakwai, taliya mai yaji, tsinkayen cin abinci da ba wanda ya iya riƙewa. Duk abin da ta gani a fim sai ta sa an kawo mata. Har ya fara fargabar wata rana zai dawo ya tarar ta kwashe kayanta.

Kwatsam, wata biyu da suka wuce, sayayyar ta juyo kansa. Kwat, tabarau mai faɗi, agogo. Takan tsayar da shi a falo, ta ja da baya ta ƙare masa kallo.

"Kamar an tsaga kara," in ji ta, tana dariya har da ƙwalla.

Rabon da ta yi masa dariya ya manta. Ya rantse ko zai narke ba zai tuɓe ba.

A majalisar gahawa ta unguwar Kariakoo aka sa shi gaba. Shomari, amininsa tun ƙuruciya, shi ya fara.

"Mutumina, ƙanƙara ake yi a unguwarku?"

"Hassada ga mai rabo taki ce. Jarumin fim ɗinta take gani a jikina. Kai tuzuru, wa ya taɓa saya maka ko hankici?"

Shomari ya kaɗe hannun farar jaket ɗinsa mai jan wuya, ya kurɓi gahawa.

Kibwana ya yi shawarar rama alheri. Zai kalli fim ɗin a ɓoye, ya koyi yadda jarumin ke magana da riƙe lema, ya ba ta mamaki. Ya ce Shomari ya raka shi rumfar Bi Tatu, mai tura wa mutane finafinan da aka fassara da Swahili a waya. Shomari ya ce ana jiransa a wani wuri.

Bi Tatu ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ciji leɓe.

"Baba, ba sai ka faɗi sunan fim ba. Kayanka sun faɗa."

Ta kunna. Ga mutumin nan kuwa, kwat, tabarau, agogo, yana shigowa gida da fure a hannu. Kibwana ya gyara tsayuwa.

"Jarumi ke nan. 'Yar'uwa, me yake yi da mata ke mutuwa a kansa?"

"Wa, wannan? Mijin ne. Bawan Allah, kashi arba'in na fim ɗin ana abu a gidansa bai gane ba. Shi muke wa dariya. Jarumin shi ne amininsa. Tsaya, yanzu zai shigo ta ƙofar baya."

Ƙofar ta buɗe a hankali, jarumin ya shigo cikin farar jaket mai jan wuya.