Mai Lauje a Fadamar Zauro

Muna ratsa fadamar Zauro ni da amaryata Nuriyya, ina ba ta labarin tsohon fim ɗin kashe-kashe da aka sabunta. Na ce, "Jinin ya ninka na da, amma ni ko gezau!"

Sai ga mutum ya fito daga cikin shinkafa, fuska naɗe da ƙyalle, lauje a hannu, ya nufo mu.

Ban san lokacin da na tura Nuriyya gabansa na afka taɓo har ƙugu ba.

Ya kwance ƙyallen. Surukina ne, Malam Labbo. Ya daɗe yana kallona.

"Nuriyya, wuce mu tai gida. Wanga bar shi nan shi kore muna tsuntsaye, in ba shi tsoronsu."