Turaren Alhaji Yari

Sharif mai turare ya kai auduga hanci, ya shaƙa, ya yi tsaki. Wannan haɗin ma bai yi ba.

Duk kasuwar Jega an san shi da cika baki guda: babu turaren da hancinsa zai ji, hannunsa ya kasa haɗawa. Sai ga Alhaji Yari, dillalin albasa daga Aliero, da 'yar kwalba da ya tsiyayo daga wata babba da ta kusa ƙarewa, ya ce a haɗa masa irin turaren da ke ciki. Wani injiniya ɗan Sikotlan ne ya bar babbar a gidan da Alhaji ya ba shi haya a Maiyama, lokacin aikin hanya. Alhaji ya ɗauke ta a matsayin kyauta, ita kuwa kyauta ba ta son bincike.

Ruwan launin zuma ne. Ƙamshin hayaƙi, tsohon itace, da wani abu kamar dabino. Ba maiƙo, ba ya daɗewa a riga, in kuwa ya taɓa inda aska ta yanka, mutum sai ya tuna Allah.

Sharif ya gwada almiski, ya gwada sandal, har kwalba ya turara da icen ƙirya. Duk ranar kasuwa Alhaji zai shinshina, ya ture.

"Wanga na amare ne, ɗan Malam. Ko hancin mura shika yi? In ka gaza, hwaɗa min in tai Sakkwato."

Maƙwabtan shago ba su ɓoye dariyarsu sosai ba.

Da tura ta kai bango, Sharif ya haɗiye girman kai, ya karɓi lambar injiniyan, ya kira shi da ragowar Turancinsa na kwaleji.

Mutumin ya yi murna, ashe can ya manta kwalbar. Ya shiga bayani kamar mai wa'azi: sha'ir ake jiƙawa har ya tsira, a busar da shi kan hayaƙi, a tace, duk a gida ɗaya, ba gauraye. Sannan ya kwanta a gangar itace shekara goma sha biyu.

Sharif ya ce ikon Allah, turaren hatsi.

"Turare?" in ji injiniyan. Sannan ya faɗi sunan abin a hankali.

Sharif ya juya. Ladan ya kira Juma'a, ga Alhaji a bakin shago yana shafe gemu da ragowar wuski, zai kai giya sahun farko kamar kowane mako.