Warin Albasa a Rigar Gajere

Gajere bai taɓa noman albasa ba, amma duk ranar kasuwar Wurno sai ya dawo gida rigarsa tana warinta. Inna Kulu, mahaifiyarsa, ita ke yi masa wanki, kuma ba ta taɓa tambaya ba.

Ɗan kabu-kabu ne. Idan ya tashi aiki, sai ya ratse bayan rumbunan albasa a hanyar Dinawa, inda wani yake sayar da giya a ɓoye tun da aka hana ta. Ya sha kwalba ɗaya, ya turo babur ɗinsa gida a ƙasa don kada ya buge ɗan wani. Bai taɓa zagin kowa ba. Kansa kaɗai yake cuta, uwarsa kuma tana ta ramewa.

Wata ranar kasuwa 'yan kwamitin hana sha suka dira wurin, kai tsaye kamar an zana musu hanya. Shugabansu Nasrullahi, wanda ya taso a maƙwabtan su Gajere, ya so a yi abin a rufe. Yaransa suka ƙi. Suka aske wa Gajere rabin kai, suka rataya masa kwalba a wuya, suka zaga kasuwa da shi.

Daga ranar ba wanda ya ƙara hawa babur ɗinsa. Kunya ta kora shi can dajin wajen Tursa, inda ake haɗa wata aba a jarka wadda ko mai sayarwa ba ya sha. Ta fara cinye masa ido. Kafin lokacin kaka, ta ƙarasa shi.

A zaman makoki mata suka yi ta ja wa munafukin da ya kai tsegumi Allah ya isa. Kowa ya ce amin. Inna Kulu tana riƙe da rigar nan a cinya, ba ta buɗe baki ba, aka ce baƙin ciki ne ya ɗaure mata harshe.

Da yamma Nasrullahi ya shigo, ya durƙusa nesa da tabarma.

"Inna, ya haƙuri?"

Ta dube shi, hawaye na zuba kan rigar.

"Nasrullahi, mi nic ce maka ran da niz zo gidanka? Cewa niy yi ka tsorata mani shi kaɗai."